Karabina ta hawan dutse: tambayoyi da amsoshi ga mai farawa

Duk wanda ya fara sha'awar hawan dutse da igiya, kayan aikin da ya fi saurin shiga hannunsa shi ne karabina, zoben ƙarfen nan mai ƙofa wadda ake dannawa ta buɗe ciki, a sake ta ta koma ta rufe da kanta. Ita ke haɗa igiya da dutse, ita ke haɗa mutum da turke, wato kafaffen wurin ɗaure igiya a jikin dutse, ita ke riƙe birkin igiya, ƙarfen da ke tsayar da igiya idan mai hawa ya faɗo, a jikin ɗamarar ƙugun mai riƙo, wato abokin da ke riƙe wa mai hawa igiya. Amsoshin nan za su taimaka maka wajen saye da fahimta, amma sa igiya da riƙon mutum sai an koya a gaban wanda ya iya, yana kallon hannunka yana gyara maka.

Waɗanne sassa ne a jikin karabina?

Huɗu ne ya kamata ka riƙe. Akwai gadon baya, wato dogon gefen da ba ya buɗewa, nan ƙarfinta yake. Akwai ƙofa, mai sifirin a cikinta. Akwai hanci, inda bakin ƙofa ke zama idan ta rufe. Sai lungu biyu, na sama da na ƙasa, inda igiya ko maɗauri ke kwanciya.

Ana yawan danganta shigowarta harkar hawan dutse da wani Bajamushe mai suna Otto Herzog, wajen shekarar 1910, wanda aka ce ya ga irinta a wurin 'yan kwana-kwana. A lokacin da baƙin ƙarfe ake yin ta. Daga baya mutane irin su Pierre Allain na Faransa suka ƙera ta da alminiyom, nauyi ya ragu sosai. Yau mafi yawan na hawan dutse da alminiyom mai lamba 7075 ake yin su, irin wanda ake amfani da shi a ƙirar jirgin sama.

Mene ne ma'anar lambobin da aka buga a gadon bayanta?

Juya ta ka duba, za ka ga haruffa kN da lambobi uku, kowace da 'yar alama. kN ma'aunin ƙarfin ja ne, kilonyutan. Guda ɗaya ya yi daidai da nauyin kilo 100 da ɗan ɗori idan an rataye shi tsit ba motsi.

Lamba ta farko, mai kibiya a tsaye, ƙarfinta ne idan an ja ta ta tsawo, ƙofa a rufe. Ta biyu, mai kibiya a gicciye, ƙarfinta ne idan an ja ta ta faɗi, tsakanin ƙofa da gadon baya. Ta uku, mai hoton karabina a buɗe, ƙarfinta ne ta tsawo amma ƙofa a buɗe.

Ƙa'idar Turai ta EN 12275 da ta ƙungiyar hawan duwatsu ta duniya, UIAA 121, sun yanke mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi. Ga karabina ta gama-gari: kN 20 ta tsawo, 7 ta faɗi, 7 ƙofa a buɗe. Mai siffar ƙwai an yarda mata 18 ta tsawo da 5 a buɗe. Babbar nan ta riƙon igiya, HMS, 20 ta tsawo da 6 a buɗe. Yawancin na kasuwa sun ɗara haka, za ka riƙa ganin 22, 24 ko 25.

Lambar 20 ɗin ba da ka aka zaɓe ta ba. A gwajin igiyar hawa, da nauyin kilo 80, ba a yarda ƙarfin da ke isa jikin mai faɗuwa ya wuce kN 12 ba. Ita kuwa karabinar da ke sama tana ɗaukar ja biyu a lokaci guda, na ɓangaren mai faɗuwa da na ɓangaren mai riƙo, jimillarsu kusan ninki ɗaya da kashi biyu cikin uku na abin da mai faɗuwa ya ji. Ka lissafa 12 da wannan ninkin, za ka iso 20.

Kada kuma ka ɗauki lambar nan a matsayin nauyin da aka ba ka izinin ɗora mata kullum. Iyakar karyewa ce.

To idan tana ɗaukar tan biyu, ta yaya ake jin ta karye?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mai farawa ya tsaya a kai, domin amsarta ce ke raba mai amfani da karabina da mai rataya ta kawai. Karabina mai shaidar cika ƙa'idojin nan, ƙofa a rufe, ja yana bin gadon baya, da wuya ƙwarai ta karye a faɗuwar mutum. Kusan duk wadda ta karye, zamanta ne ya ɓaci kafin nauyi ya sauko.

Ka sake duban lambobi ukun nan. Daga 24 an sauko 7 ko 8 don kawai ƙofa ta buɗe ko karabina ta juya gicciye. Faɗuwar yau da kullum takan ɗora wa karabinar sama kN 4 zuwa 6, mai tsanani ta wuce haka. Ka ga ratar da ta rage kaɗan ce.

Ƙofa takan buɗe ba da saninka ba. Wani tsinin dutse zai iya danna ta. Idan gadon baya ya bugi dutse da ƙarfi, nauyin ƙofar kansa yakan sa ta buɗe na ƙiftawar ido. Gwada ka gani: riƙe karabina mai ƙofar sanda, ka buga bayanta a tafin hannunka, za ka ji ƙas. Ƙarar ƙofa ce ta buɗe ta rufe. Gudun igiya a cikinta ma yakan sa ƙofar rawa. Idan nauyi ya zo daidai wannan lokacin, da lamba ta uku kake aiki.

Juyawa gicciye ta fi faruwa a gaban mai riƙon igiya, lokacin da igiya ta yi sako-sako, karabina ta mirgina a cikin madaukin ɗamara. Shi ya sa mai riƙo ke yawan kai ido ƙasa yana gyara ta. Akwai waɗanda aka ƙera da 'yar waya ko wani shinge a lungun ƙasa don hana wannan juyi, kuma kuɗinsu bai tafi a banza ba.

Mafi muni shi ne hanci ya maƙale a kan ƙarfen da aka dasa a dutse, ƙofa ba ta rufe ba, nauyi duka ya rataya a kan hancin, nesa da gadon baya. Gwajin da kamfanin Black Diamond ya yi ya nuna a irin wannan zama karabina takan karye a ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta, ƙasa da kN 2. Ɗan zamewa kaɗan ya isa. Don haka duk lokacin da ka maƙala, ka saurari ƙarar rufewar ƙofa, ka kuma duba da ido cewa ta zauna a lungunta.

Saura biyu: karabina ta kwanta a kan gefen dutse nauyi yana lanƙwasa ta a tsakiya, da kuma a ja ta ta fuska uku a lokaci ɗaya. Maganin na farko a ƙara tsawon maɗauri har ta sauka ƙasa da gefen. Maganin na biyu a tattara igiyoyin turke su haɗu wuri guda kafin a maƙala.

Na ga irinta a kasuwa da araha, ana rataya makulli da gorar ruwa. Ba za ta yi ba?

Ba za ta yi ba, ko sau ɗaya, ko a ɗan gajeren dutse. Waɗannan na ado ne, da yawa ma an rubuta "Not for climbing" a jikinsu, wato ba ta hawa ba ce. Da hannu kana iya lanƙwasa wasu. Wadda za ka rataya ranka a kai dole ta nuna sunan kamfani, alamar CE, lambobin kN guda uku, sau da yawa har da tambarin UIAA. Kada ma ka ajiye ta makulli cikin jakar kayan hawa, domin ranar gajiya hannu ba ya tantancewa.

Wace siffa zan zaɓa?

Mai siffar harafin D ita ce uwar aiki. Siffarta tana tura igiya zuwa kusurwar da ke jikin gadon baya, inda ƙarfi yake. Wadda ta fi yawa yau ita ce D mai faɗin sama da tsukakken ƙasa: ba nauyi, ƙofa tana buɗewa sosai. Idan ka rasa wadda za ka ɗauka, ɗauki wannan.

Mai siffar ƙwai tsohuwar ƙira ce. Nauyi yana rabuwa daidai tsakanin baya da ƙofa, shi ya sa ƙarfinta bai kai na D ba. Amma kaya ba sa zamewa a cikinta, don haka tana da kyau da 'yar tayar nan da igiya ke gudu a kanta wajen jan kaya da kuma jera ƙananan ƙarafan da ake cusawa a tsagar dutse.

HMS babba ce, samanta da faɗi kuma a zagaye, kusan kullum da kulle. An yi ta ne don igiya ta yi gudu ta kuma juya a cikinta ba tare da ta cije ba. Ita ake sa wa birkin igiya, ita kuma ake yi wa ƙullin riƙo da ake kira da sunan Werner Munter, jagoran tsaunuka ɗan Suwizalan. Ƙullin nan ya cancanci koyo tun da wuri, saboda ranar da birkinka ya suɓuce ya faɗi ƙasa, da shi da HMS guda za ka riƙe abokin hawanka.

Ƙofa miƙaƙƙiya, lanƙwasasshiya, ko ta waya?

Miƙaƙƙiya ta kowane aiki ce, kuma ita ake maƙalawa a ƙarfen dutse. Lanƙwasasshiya an yi ta don igiya ta faɗa ciki da ɗan dannawa, saboda haka wurinta ɓangaren igiya kaɗai.

Ta waya takan ba sabon shiga tsoro, yana ganin siririya ce. Ƙarfinta bai gaza na sauran ba. Ta yaɗu ne daga tsakiyar shekarun 1990, kuma tana da fa'ida ta gaske: da yake ƙofar ba ta da nauyi, ba ta cika buɗewa idan an bugi dutse ba, ba ta da ɓoyayyen sifirin da ƙasa za ta toshe, ƙanƙara ma ba ta cika riƙe ta ba. Wasu ƙananan nauyinsu bai wuce giram 20 zuwa 25 ba. Sai dai ban ba mai farawa shawarar bin mafi ƙanƙanta ba. Rage giram goma ba zai amfane ka da komai ba idan yatsunka suna fama da ƙofa alhali hannu ɗaya ne ke riƙe da kai. Ka gwada ta a hannunka kafin ka biya.

Duba hancin kuma. Wani yana da ƙugiya, wani sumul yake, ƙofa ce ke rungumarsa. Sumul ɗin ba ya kama igiya ko ƙarfen dutse lokacin cirewa, ya fi daɗin aiki.

Yaushe ne dole sai mai kulle?

Duk inda karabina guda ɗaya ce tsakaninka da ƙasa. Birkin igiya, saukowa da igiya, ɗaure kanka a turke, da wurin da igiya ke ratsawa a saman dutse. Inda kuwa akwai wasu a ƙasanta da za su tare ka, kamar jerin maƙalai a kan hanyar hawa, marar kulle ake sawa don sauri.

Idan mai kulle ta ƙare maka, haɗa marasa kulle biyu, ƙofar ɗaya tana duban dama ɗaya hagu, yadda idan ka buɗe su tare za su gicciye juna. Abin da zai buɗe ɗaya ba zai buɗe ɗayar ba.

Kulle iri-iri ne. Na murɗawa shi ne mafi sauƙi da araha, ana sarrafa shi da hannu ɗaya, ƙura ba ta cika kashe shi ba. Aibinsa mantuwa. Kamfanin Petzl yana sa jan layi da ke bayyana idan ba a murɗa ba, don ido ya kama. Ka murɗa har ya tsaya, kada ka ƙara ƙarfi, musamman idan nauyi na kai, in ba haka ba zai cije. Ka kuma juya karabinar yadda murfin zai riƙa murɗuwa zuwa ƙasa, don girgiza ta ƙara rufe shi maimakon ta kwance shi.

Mai kulle kansa yana rufewa da zarar ka saki. Akwai mai motsi biyu, a murɗa a danna, akwai mai uku, a ja a murɗa a danna. Igiya na iya gogar mai motsi biyu ta buɗe shi, don haka mai uku ya fi aminci. Amma yashi na iya hana shi komawa, kai kuma ka saki jiki. Kowanne ka ɗauka, al'adar ɗaya ce: bayan ka kulle, matsa ƙofar da yatsa ka tabbatar, abokin hawanka ma ya matsa kafin ƙafarka ta bar ƙasa.

Alminiyom ko baƙin ƙarfe?

Wadda za ka ɗauka a ƙugu ka hau da ita, alminiyom. Baƙin ƙarfe ya ninka ta nauyi sau biyu zuwa uku, amma ya fi jure gogar igiya, shi ya sa ake barin sa a turken da jama'a ke amfani da shi kullum da kuma bangon hawa na cikin gini. Masu aikin hawa dogayen turakun sadarwa su ma baƙin ƙarfe suka fi amfani da shi, kuma tasu ƙa'idar daban ce, EN 362. Wasu karabinonin suna ɗauke da shaidar biyun.

Mene ne kwikdiro, kuma yaya ake sa masa igiya?

Karabina biyu ne da gajeren maɗauri ɗinkakke a tsakaninsu, yawanci santimita 10 zuwa 18. Ta sama tana shiga ƙarfen dutse, ta ƙasa tana karɓar igiya. Kada ka taɓa musanya su. Ƙarfen dutse yana yi wa ta sama ƙananan zazzaga masu kaifi, idan ka juya ta ɓangaren igiya za ta riƙa cin rigar igiyar.

Ta ƙasa ce ake ɗaure wa 'yar roba don kada ta juya. Ta sama a bar ta tana lilo. Robar nan ba ta ɗaukar nauyi ko kaɗan, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2013, a Orpierre ta ƙasar Faransa, wani yaro ɗan Italiya mai shekara 12, Tito Traversa, wanda ya riga ya yi suna a hawan dutse, ya rasu bayan ya faɗo, saboda kwikdiron da ya hau da su an haɗa su ba daidai ba: karabina ta ratsa robar kaɗai, ba ta ratsa maɗaurin ba. Duk kwikdiron da ya zo hannunka, naka ne ko na aro, ja robar gefe ka ga da idonka cewa ƙarfe yana cikin madaukin zaren.

Wajen sa igiya, ɓangaren da ke zuwa wurinka ya fito daga bayan karabina, ta gefen dutse, zuwa waje inda kake. Idan ka sa ta a juye, lokacin faɗuwa igiya na iya naɗowa ta kan ƙofa, ta danna ta, ta fice. Ƙofa kuma ta juya wa inda za ka nufa baya: za ka yi dama, ƙofa ta dubi hagu. Inda maƙalai suke kusa da juna, kamo igiya daga jikin ƙullin ɗamararka, don kada ka ɗauko ta daga ƙasan maƙalin baya ta yi maka zikzak. Ka yi ta maimaita wannan a ƙasa, da hannun dama da na hagu, kafin ka kai shi sama.

Zan iya haɗa igiya da ɗamarata da karabina maimakon ƙulli?

Idan kai ne a gaba kana jan igiya, a'a. Igiya ta ratsa madaukan ɗamara biyu kai tsaye da ƙullin takwas, wato ƙulli mai siffar lamba 8. Karabina a wannan wurin takan juya gicciye daidai lokacin faɗuwa. A wasu wuraren koyo, inda igiya ke saukowa daga sama, akan yi amfani da masu kulle biyu ko wata ta musamman, wannan kuma tsarin masu wurin ne.

Ta faɗo daga sama ta bugi dutse. In jefar da ita?

An daɗe ana cewa faɗuwa tana sa mata tsagar da ido ba ya gani. Gwaje-gwajen ja da aka yi wa waɗanda suka faɗo ba tare da alamar lahani ba sun nuna yawanci ƙarfinsu yana nan. Duk da haka masu ƙira suna cewa a duba sosai, in akwai shakka a ajiye. Ni ma nan na tsaya: kuɗin karabina guda bai kai zaman zullumi a tsakiyar dutse ba.

Ga abin da ke sa a sallame ta ba gardama: tsaga, lanƙwasa, tsatsa mai zurfi, ƙofar da ba ta komawa da kanta ko ba ta zama daidai a hanci, kullen da ba ya kaiwa ƙarshe, da ramin da igiya ta ci wanda ya kai zurfin milimita 1. Ramin nan ya fi haɗari ta wajen kaifinsa, domin gefensa na iya yanke igiya a faɗuwa. Shafa yatsa a lungun, musamman a kan waɗanda ka tarar an bari a dutse. Wadda ka sallama ka lalata ta ko ka yi mata alama ka fitar da ita daga kayan hawa, kada wani ya tsinta.

Ƙarfen ba shi da ranar lalacewa idan yana da lafiya. Maɗaurin zaren ne ke tsufa, yawancin kamfanoni suna ba shi shekara 10 a mafi tsawo, rana da yawan aiki kuma suna rage wannan.

Yaya ake kula da ita?

Ga wanda zai yi hawa a duwatsun Jos ko wajen Zariya da hunturu, ƙura ce babbar abokiyar gaba. Tana shiga gindin ƙofa ta sa ta nauyi, tana shiga igiya ta mai da ita kamar sanfefa mai cin alminiyom. Wanke karabina da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ka goge gindin ƙofa da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye, ta bushe sarai. Sai ka ɗiga ɗan man shafawa marar danƙo a mahaɗar ƙofa, ka share ragowar. Kada ka sa giris ko baƙin mai, ƙura suke tarawa. Idan ka yi hawa kusa da teku, ɗauraye gishirin. Kayan hawa kuma su yi nesa da ruwan batir a but ɗin mota, domin yana cinye zaren nailan ba tare da ya bar alamar kirki ba.

Ta hannu fa, ko ta gwanjo?

Daga abokin da ka san yadda ya riƙe ta, bayan ka duba ta da kyau, ana iya karɓar ƙarfen. Maɗaurin da ba ka san tarihinsa ba kuwa ka canja shi. Matsalar saye daga wanda ba ka sani ba ita ce jabu: a 2011 Petzl ya yi gargaɗin cewa an kwaikwayi wasu kayansa, har da karabina, da tambari da komai, kuma ba su kai ƙarfin da aka rubuta ba. Ka saya daga dillalin da kamfanin ya sani, ko da sai an yo maka oda daga waje. Sunaye irin su Petzl, DMM, Black Diamond, Edelrid da CAMP duk sanannu ne, kuma mafi arahar karabinarsu ta ci jarrabawar da mai tsadar ta ci.

Guda nawa zan fara da su?

Idan igiya daga sama za ka riƙa hawa da ita tare da malami, HMS guda mai kulle don birki, da D biyu ko uku masu kulle na murɗawa, sun ishe ka. Idan ka kai matakin jan igiya a hanyar da aka dasa wa ƙarafa, ƙara kwikdiro 10 zuwa 12, yawancinsu gajeru, biyu ko uku dogaye don inda hanya ta karkace ko dutse ya yi baki. Ka tambayi adadin ƙarafan hanyar kafin ka tashi, ka ɗauki biyu fiye da haka saboda turken sama. Ka naɗa wa naka ɗan salatif mai launi a gadon baya, nesa da ƙofa da inda igiya ke bi, don kada su cakuɗe da na abokan tafiya.